Gidan Blickling da ire-irensa: tambayoyi da amsoshi kan tsofaffin gidajen jan bulo na Ingila

Akwai manyan gidaje na jan bulo a karkarar Ingila da suka haura shekara 400 a tsaye, ruwan sama yana dukansu kusan kowane mako, sanyi yana daskarar da su duk hunturu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu sha'awar gini suka fi yi game da su. Mun ɗauki gidan Blickling na gundumar Norfolk a matsayin abin misali, domin kusan duk abin da za a faɗa kan irin wannan gini ana iya nuna shi da yatsa a jikinsa.

Me ya sa ake ce masa gidan karkara alhali ya fi kama da fada?

Sunan ne yake rikita mutane. Babban mutum a Ingila ta da yakan riƙe gida a Landan saboda majalisa ko kotu, amma arzikinsa da mutuncinsa suna ga ƙasar noma, kuma a tsakiyar wannan ƙasa yake gina gidan da za a san zuriyarsa da shi. Manoma 'yan haya suna biyan kuɗin gona, da shi ake ciyar da gidan da barorinsa. Shi ya sa gidan ba ya tsayawa shi kaɗai: akwai bargar dawaki, ɗakin wanki, rumbuna, lambu, daji da tafki. Filin Blickling ya haura eka 4,500.

Wa ya gina Blickling, kuma yaushe?

Sir Henry Hobart, babban alƙali a zamanin Sarki James na ɗaya, shi ya sayi wurin a 1616, aka soma gini a 1619. Ba fili ya tarar ba. Akwai tsohon gida a wurin wanda ya taɓa zama na iyalin Boleyn, dangin Anne Boleyn, matar Sarki Henry na takwas ta biyu. Wanda ya tsara sabon ginin shi ne Robert Lyminge, wanda asalin sana'arsa kafinta ce, kuma bai daɗe da gama aikin gidan Hatfield ba. Duk wanda ya ajiye hoton gidajen biyu gefe da gefe zai ga hannu ɗaya ne. Hobart ya rasu a 1625 bai ga ƙarshen aikin ba, ɗansa John ne ya ƙarasa. Shi ma Lyminge a Blickling aka binne shi a 1628.

Mai kuɗi haka, me ya hana shi gini da dutse?

Norfolk ba ta da dutsen sassaƙa mai kyau. Abin da ƙasar ke da shi shi ne ƙanƙarar dutse, alli, da yumɓu mai yawa. Ɗauko dutse daga nesa a keken doki, a kan hanyoyin da damina ke mayar da su taɓo, yana iya cin kuɗin da ya fi na dutsen kansa. Bulo kuwa a gindin aikin ake haƙa ƙasarsa a gasa.

Kada kuma a ɗauka bulo kayan talaka ne a lokacin. Romawa sun yi bulo a Birtaniya, sana'ar ta ɓace bayan tafiyarsu, ta sake dawowa ta gabashin ƙasar, ɓangaren da ke ciniki da Holan da maƙwabtanta. Ya zuwa ƙarni na 15 manyan mutane ne ke gini da shi: ga gidan Oxburgh a nan Norfolk na wajen 1482, ga fadar Hampton Court da aka soma a wajen 1515. A Blickling an yi abin da aka saba: jikin bango bulo, dutse kuma a inda ake buƙatar kaifi da ado, wato kusurwoyi, kewayen tagogi da ƙofar shiga. Farin dutsen a kan jan bulon shi ne rabin kyan gidan.

Yaya ake yin bulon a wancan zamani?

Aikin shekara guda ne, kuma yanayi ne yake ba da umarni. Da kaka ake haƙo yumɓu a tara shi a fili. A bar shi ya kwana hunturu, sanyi ya daskarar da shi ya narke, ya sake daskarewa, har dunƙulen ya farfashe ya yi laushi. Da bazara a zuba ruwa a tattake shi da ƙafa, ana tsince tsakuwa, musamman guntayen alli, domin ko ɗan ƙarami ne ya shige cikin bulo, wuta za ta mayar da shi ɗanyen farar ƙasa, ranar da ruwa ya taɓa shi ya kumbura ya fasa bulon daga ciki.

Mai bugawa yana da akwatin katako mara gindi. Yakan barbaɗa masa yashi ko ya jiƙa shi, ya ɗauki dunƙulen yumɓu ya maka da ƙarfi don ya cika kusurwoyi, ya share saman da sanda. Wannan makawar ce ke barin 'yan tamoji a fuskar tsohon bulo, abin da inji ba ya iya kwaikwaya da kyau. Daga nan a jera su a ƙarƙashin rufin ciyawa su sha iska makonni.

Gashin ma ba a tanderu na dindindin aka fi yinsa ba. Ɗanyen bulon ake tulawa dubbai, a bar ramukan wuta a ƙasa, a lulluɓe tulin da laka, a kunna itace ya yi ta ci kwanaki. Zafin da ake nema ya kai wajen digiri 900 zuwa 1,000, amma wuta ba ta raba shi daidai. Na kusa da rami yakan ƙone har kansa ya yi baƙi yana sheƙi kamar gilashi, na tsakiya ya fito ja sosai, na gefe ya fito fari-fari da laushi. Birkila mai hankali yana ware su: mai kyau a fuska, mai laushi a cikin bango inda ruwa ba ya kaiwa, mai baƙin kai kuma a yi ado da shi, irin zanen lu'u-lu'u da ake gani a bangon gidajen zamanin Tudor, wato zamanin sarakunan gidan su Henry na takwas. Jan launin kuwa daga ƙarfen da ke cikin yumɓun yake fitowa, ba fenti ba ne.

An ce ana iya gane shekarun gini daga bulonsa. Gaskiya ne?

Ana iya kusantar gaskiya, amma ba a rantsuwa da shi. Abubuwa biyu ake dubawa.

Na farko kauri. Bulon zamanin Tudor siriri ne, wajen inci 2, kuma ba ya zuwa daidai wa daida, shi ya sa layin kwaɓin da ke tsakani yake da faɗi, don ya shanye bambancin. Da tafiya ta yi tafiya bulo ya ƙara kauri ya ƙara daidaito, layin kwaɓi ya sirance. Harajin bulo da aka sa daga 1784 zuwa 1850, wanda ake lissafawa bisa yawan bulo, ya sa wasu masu gasawa suka ƙara masa girma. Na yau a Birtaniya milimita 215 ne a tsawo, 102.5 a faɗi, 65 a kauri.

Na biyu jeri. A jerin da ake kira na Ingilishi, layi guda duk bulo a kwance yake da dogon gefensa a waje, layin da ke bisa kuma duk kawuna ne, haka ake ta musanyawa. Shi ne ruwan dare a lokacin da aka gina Blickling, kuma yana da ƙarfi ƙwarai, domin kawunan suna ɗaure gaban bango da bayansa. A jerin Filemish kuwa, cikin kowane layi ake musanya kai da gefe. Fadar Kew ta 1631 tana cikin gine-ginen farko da aka yi da shi a Ingila, kuma kafin ƙarshen ƙarnin ya zama abin yayi. Inda aka ga jeri ya sauya a tsakiyar bango, ko aka ga layi miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa wanda bulo bai sarƙe da juna ba, to an yi ƙari ko an toshe wata ƙofa a wurin.

Mene ne ya bambanta fuskar Blickling?

Daidaito. A raba fuskar kudu gida biyu daga ƙofa, hagu da dama iri ɗaya ne. A kowace kusurwa akwai hasumiya mai kusurwa huɗu da hular dalma mai lanƙwasa. A tsakaninsu bangon yana tashi sama ya yi goshi uku masu gantsarwa da lanƙwasa, salon da aka aro daga Holan kuma ya bazu a Norfolk. Bahaushe zai iya kwatanta aikinsu da na zanko a kan soro: su ne ke yanka sararin sama su ba gini kwarjini daga nesa. Bayansu bututun hayaƙi ne a tsaye rukuni-rukuni, kuma ba a ɓoye su ba da gangan, domin yawan bututu shaidar yawan murhu ne, yawan murhu kuma shaidar arziki.

Kafin a kai ƙofa ana bi ta tsakanin dogayen gine-ginen hidima biyu da shingen itatuwa masu kauri, waɗanda ke jan ido kai tsaye zuwa mashiga. Sai a haye 'yar gada a kan busasshen ramin da ya kewaye gidan, inda bajimai na dutse, alamar iyalin Hobart, suke gadi. Wannan rami na tsohon gidan ne, kuma shi ya tilasta wa Lyminge yin gida mai ƙunƙuntar fuska da zurfin ciki.

A ciki fa?

Ɗakin da ya fi shahara shi ne dogon zauren bene, mai tsawon ƙafa 123, wato kimanin mita 37. Manyan gidajen zamanin suna da irinsa don a riƙa tattaki a ciki idan ruwa ko sanyi ya hana fita. Silin ɗinsa aikin filasta ne na Edward Stanyon, cike da siffofi masu ɗauke da darussa. A shekarun 1740 aka mayar da zauren ɗakin karatu bayan iyalin sun gaji littattafan Sir Richard Ellys, yau kuma akwai littattafai fiye da 12,000 a ciki.

Ke nan duk abin da ake gani na 1619 ne?

A'a, kuma nan ne Blickling ke yaudarar ido. Lyminge bai rushe tsohon gidan duka ba, ya bar wasu sassa a arewa da yamma. A shekarun 1760 da 1770 ne Thomas Ivory da ɗansa William, magina daga Norwich, suka sake gina waɗannan sassa. A lokacin kowa yana rububin salon Italiya mai ginshiƙai, amma su suka bi salon Lyminge don sabo ya zauna da tsoho. A 1767 aka kwance babbar matakalar katako daga inda take, aka kafa ta a babban zaure, aka ƙara mata reshe ta zama mai hawa biyu. Hasumiyar agogon da ke tsakiyar fuska, wadda mutane da yawa ke ɗauka ta asali ce, John Adey Repton ne ya sake ta a wajen 1830, kuma ta katako ce da aka yi wa fenti.

Mece ce rajistar kariya da ake cewa gini yana ciki?

Jeri ne na gine-ginen da doka ta kare saboda darajarsu ta tarihi ko ta fasaha. An soma shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dokar da ake aiki da ita yanzu a Ingila kuma ta 1990 ce. Hukumar Historic England ke bincike ta ba da shawara, minista ya sa hannu. Daraja uku ce. Ta ɗaya ita ce ƙololuwa, kuma kusan kashi 2.5 cikin ɗari ne kawai ke samunta. Blickling yana cikinsu. Sai ta biyu mai tauraro, wajen kashi 6. Sauran, sama da kashi 90, daraja ta biyu ce zalla. Ginin da aka yi kafin 1700 kuma bai sauya kama sosai ba kusan tabbas yana cikin jerin. Wanda bai kai shekara 30 ba da wuya a sa shi.

Idan gidana ne, ba zan yi abin da na ga dama da shi ba?

Ba za ka yi ba. Duk aikin da zai taɓa kamannin ginin na tarihi sai da izini a rubuce daga ƙaramar hukuma. Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton fuskar waje kaɗai aka kare. Kariyar ta haɗa ciki da waje, murhu, matakala, filasta, har da katanga da tsofaffin ɗakunan da ke harabar gidan. Yin aiki ba izini laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara 2 ko tara mara iyaka, kuma ana iya tilasta maido da abin yadda yake. Wanda ya sayi gida ya gaji ɓarnar da na gabansa ya yi ba izini, don haka lauya mai hankali yakan nemi takardun kowane gyara kafin a biya kuɗi.

Gyara na iri da iri, kamar sauya fale-falen rufi kaɗan da makamantansu, galibi ba ya buƙatar izini. Amma a tambayi jami'in adana gine-gine na hukumar tukuna.

Me ya sa masana ke ƙin siminti a irin wannan gini? Ba ya fi ƙarfi ba?

Ya fi ƙarfi, kuma ƙarfin nasa ne matsalar. Siminti irin na yau sai a 1824 aka yi masa rajistar ƙirƙira, shekara 200 bayan Blickling. An ɗaura bulon gidan ne da kwaɓin farar ƙasa da yashi, kuma duk tsarin bangon a kan halin wannan kwaɓi ya dogara.

Bangon dunƙulalle ne, ba rami a tsakiyarsa kamar na gidajen Ingila na yanzu, ba kuma shimfiɗar hana danshi a gindinsa. Idan ruwa ya doke shi yakan sha, idan iska ta kaɗa ya fitar. Kwaɓin farar ƙasa ya fi bulon laushi da yawan ƙofofin iska, saboda haka ta layin kwaɓi yawancin danshin ke fita, a nan kuma gishirin da ruwa ya kwaso yake taruwa. Kwaɓin ne ke cinyewa a hankali, bulo ya tsira. Haka ake so: sake cika layi abu ne mai sauƙi, samo bulon 1619 kuwa ba a kasuwa ba.

To a cika layin da siminti. Ruwa zai ci gaba da shiga ta fuskar bulo da ta 'yan tsagar da ke buɗewa tsakanin siminti da bulo, amma hanyar fita ta toshe. Sai ya taru a bakin bulon. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, sai ya ɓantare fuskar bulon ɓawo-ɓawo. Bayan 'yan shekaru za a ga bango kamar saƙar zuma: layin siminti a tsaye ƙyam, bulo ya lotsa ciki yana zubar da jan gari. Ga kuma motsi. Tsohon gini yana ɗan motsawa da zafi da sanyi da jiƙewar ƙasa. Farar ƙasa tana bin motsin, siminti kuwa sai ya tsage ko ya tsaga bulon. Wanda ya taɓa ganin katangar ƙasa da aka yi wa yaɓen siminti, ta jiƙe daga ciki har yaɓen ya ɓalle falle guda da ƙasar a manne a bayansa, ya riga ya san wannan ciwo.

Yaya ake sake cika layin kwaɓi yadda ya kamata?

Da farko a tabbata ana buƙata. Kwaɓin da ya yi laushi har farce na iya kankararsa ba lalatacce ba ne, halinsa ke nan. Sai inda ya zube ya yi zurfin da ya kai faɗin layin ko ya fi, ko ya saki yana fita da kansa. Cike bango gaba ɗaya don ya yi kyan gani ɓarna ce.

A ƙwaƙule tsohon da hannu, da siririn ƙarfe, zuwa zurfin da ya ninka faɗin layin sau biyu zuwa biyu da rabi: layin milimita 10 yana son zurfin 20 zuwa 25. Injin yanka mai faifai ba shi da wuri a nan, domin kuskuren daƙiƙa ɗaya ya yanke bakin bulo har abada. A share ƙura da buroshi, a fesa ruwa bangon ya jiƙe amma kada ya riƙa ɗiga. Busasshen bulo yana tsotse ruwan kwaɓi nan take, kwaɓin ya koma gari.

Ma'aunin da aka fi bi shi ne kashi 1 na farar ƙasa da kashi 2.5 zuwa 3 na yashi mai kaifi, mai haɗe da manya da ƙananan ƙwayoyi. Idan jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ce mai kama da kindirmo, a bari ta kwana aƙalla wata 3 a rufe. Masu gyara da yawa yanzu sun koma tsohuwar hanya ta kwaɓa ɗanyen dutsen farar ƙasa da yashi kai tsaye, kwaɓin ya yi zafi yana tururi. Wannan sai da tabarau da safar hannu, domin ɗigo ɗaya na iya lalata ido. Launin kwaɓi daga yashi yake zuwa, shi ya sa ake yin gwaji a 'yan wurare ƙanana a bari su bushe kafin a zaɓa.

Kwaɓin ya kasance da tauri, ba ruwa-ruwa ba. A danna shi cikin layi da siririn cokali har ya cika bayan, rami mai zurfi kuma a cika shi hawa-hawa. Kada a shafe shi a kan bakin bulo. Idan ya soma ƙarfi, yadda yatsa ba ya lotsa shi amma farce na yi, a bubbuga shi da buroshi mai tauri don ya matse, ƙwayar yashi ta fito. Sannan a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a kan wurin kwanaki, ana fesa ruwa, domin farar ƙasa ba bushewa take yi ta yi ƙarfi ba, iskar kabon take sha a hankali ta koma dutse, kuma sai da ɗan danshi hakan ke yiwuwa. Ba a wannan aiki idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5. A Ingila lokacinsa daga bazara ne zuwa farkon kaka.

Bulon da ya riga ya ci fa?

Idan fuskar kaɗai ta ɓantare kuma ba ya riƙe ruwa, a ƙyale shi. Idan ya lotsa sosai, a ƙwaƙule kwaɓin kewayensa a zaro shi. Sau da yawa bayansa lafiya lau yake, sai a juya shi a mayar. In ba haka ba a sa masu bugun hannu su yi sabo daidai girmansa da launinsa. Abu biyu ne ba a yi ko da wasa: wanke bango da feshin yashi, wanda ke kankare ɓawon da wuta ta yi wa bulo ya bar laushin ciki a fili, da shafa masa ruwan roba mai hana ruwa shiga, wanda ke kulle danshi a ciki.

Daga ina danshi ya fi shigowa?

Daga sama. Mutane suna saurin zargin ƙasa, a kira masu allurar maganin hana danshi a gindin bango, alhali ciwon yana kan rufi. Gida irin Blickling yana da kwaruruka da yawa a rufinsa, da magudanai da ke ɓoye a bayan rawanin bango. Ganyen kaka ko gawar tattabara ɗaya ta toshe bakin indararo, ruwa ya taru ya haura gefen dalma, ya gangara cikin bango inda kan katakon rufi yake a binne. Ba wanda zai sani sai tabo ya fito a silin, lokacin kuwa an yi watanni ana ɓarna. Maganin ba shi da tsada: a share magudanai aƙalla sau biyu a shekara, a kuma zagaya gidan da lema lokacin da ake tsuga ruwa, domin a lokacin ne kaɗai ake ganin inda yake ambaliya.

Na ƙasa ma yana faruwa, amma yawanci saboda an tara ƙasar lambu ko an shimfiɗa kankare har ya haura gindin bango. A sauke ƙasar ta koma aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓen ciki, a ba bangon lokaci. Bango mai kauri yana iya ɗaukar shekara ko fiye kafin ya bushe.

Me ya sa ake yawan jin gobara a irin waɗannan gidaje lokacin gyara?

Dalma ce da wuta. Dalmar rufi tana iya wuce shekara 100, amma tana miƙewa da zafi ta tsuke da sanyi, shi ya sa ba a shimfiɗa falle ɗaya ya wuce mita 2 zuwa 3 gwargwadon kaurinsa. In ya wuce sai ya tattare ya tsage. Liƙe tsagar da harshen wuta a kan katakon da ya shekara ɗaruruwa yana bushewa, ga ƙura da sheƙar tsuntsaye a ƙarƙashi, shi ne haɗarin. Haka gidan Uppark na Sussex ya ƙone a watan Agustan 1989 ana gab da gama gyaran dalmar rufinsa, bai sake buɗewa ba sai 1995. Tun daga nan ake tsaurara doka kan aikin wuta a rufi, a wurare da yawa ma a ƙasa ake yin walda a hau da abin a gama. Wayar lantarki ita ce ta biyu: gobarar da ta cinye gidan Clandon Park a 2015 daga akwatin rarraba lantarki ta tashi.

Ƙwari suna cin katakon?

Babu gara a Ingila, amma akwai wani ƙwaro mai son tsohon katakon itacen da ake kira oak da danshi ya taɓa. Tsutsarsa tana iya shekaru tana ci daga ciki, sai ta girma ta fito ta bar rami mai faɗin milimita 3. Da bazara, a ɗaki shiru, ana jin yana ƙwanƙwasa kansa a katako yana kiran abokin barbara. Ya dami ɗakin karatun Blickling, inda ruwa ya taɓa shigowa. Akwai kuma wata fumfuna da ke mayar da katako ya farfashe kamar gawayi, har tana ratsa bangon bulo ta kai ga wani katakon. Dukansu danshi suke bi, fumfunar ma ba ta samun wuri sai danshin katako ya haura wajen kashi 20 cikin ɗari. Fesa guba ba tare da toshe yoyon ba asarar kuɗi ce. Kafin ma a taɓa rufi sai an duba ko akwai jemagu, domin doka ta kare su da maɓoyarsu, kuma suna iya ɗage aiki zuwa wani lokacin shekara.

Tsaga a bango alamar rushewa ce?

Ba kullum ba. Tsaga da yawa sun buɗe tun ƙarnin da aka yi ginin suka tsaya. A manna ma'aunin tsaga a kai a riƙa karantawa shekara guda cur, domin ƙasa mai yumɓu tana tsukewa da rani ta kumbura da damina. Wadda ke buɗewa tana rufewa ba abin tsoro ba ce. Wadda ke ƙaruwa kullum ita ce ta injiniya. Idan kuma dutsen kewayen taga ne ya fashe a kusurwa, a nemi ƙarfen da aka ɗaure duwatsun da shi: tsatsa ta kumbura shi, sai a cire a sa wanda ba ya tsatsa.

Yaya gidan Blickling ya fita daga hannun iyali?

Harajin gado da tsadar riƙo sun kashe ɗaruruwan irin waɗannan gidaje a ƙarni na 20. Mai Blickling na ƙarshe, Philip Kerr, wato Lord Lothian, yana cikin waɗanda suka matsa aka yi dokar 1937 da ta ba ƙungiyar adana wuraren tarihi ta National Trust damar karɓar gida tare da ƙasa ko kuɗin da za a riƙe shi. Ya rasu a watan Disamban 1940 yana jakadan Birtaniya a Amurka, ya bar wa ƙungiyar Blickling da filinsa. A lokacin yaƙin hafsoshin sojan sama na sansanin Oulton ne suka zauna a ciki.

Ana ɗumama gidan kamar gidan zama?

A'a. A ɗakunan da ke da littattafai da katako da zane, danshin iska ake bi, ba jin daɗin mutum ba. Ana son ya tsaya tsakanin kashi 40 da 65 cikin ɗari: in ya haura, fumfuna da ƙwari su samu wuri, in ya sauka, katako ya tsuke ya tsage, fatar littafi ta bushe. Na'ura ce ke kunna ɗumi kaɗan idan danshi ya yi yawa, ta kashe idan ya sauka, shi ya sa mai ziyara da hunturu zai ji ɗakunan da sanyi. A Blickling an daina dogaro da mai, an shimfiɗa bututai a cikin tafkin gidan, injin yana zuƙo ɗumin ruwan yana tura shi cikin ginin.